Masu canjin bulowar esin saman rufi: aiki sun iya shi, amma sai ka tanadi haƙuri

Wannan ra'ayina ne a kan wani ƙaramin kamfanin masu gyaran esi da suka canja mana bulowar ɗaya daga cikin manyan injinan sanyin da ke saman ɗakin taron da nake kula da shi a nan Kano. In maki biyar ake bayarwa zan ba su huɗu, ɗayan da na riƙe kuma na rashin cika alkawari ne da wasa da takarda, ba na aikin hannu ba, aikin hannu kam ba ni da ta cewa. Ba zan kama sunansu ba tunda akwai ƙorafi a cikin maganar, kuma abin da nake so masu irin wannan injin su ɗauka shi ne yadda akai aikin, dan su san me za su dinga kallo in an hau musu rufi.

Irin esin da nake nufi ba sifilit ɗin bango ba ne, ba kuma na tsaye ba. Ƙaton akwati ne guda a zaune saman dekin, komai na cikinsa, kwamfiresa da koyil ɗin waje da fankarsa da koyil ɗin sanyi da filta da bulowa, sai bututun iska biyu su sauko ta silin, ɗaya ya kawo sanyi ɗayan ya kwashi iskar ɗaki ya mayar sama. Shi za ka gani a saman manyan kantina da wasu bankuna, a Amurka da ƙasashen Larabawa kuwa ruwan dare ne. Namu uku ne kowanne tan 10. Tan a nan ma'aunin ƙarfin sanyi ne ba nauyi ba, tan ɗaya BTU 12,000 ne a awa, kenan injin guda yana yin aikin sifilit 1.5HP guda goma, to ka ga in ɗaya ya kwanta ranar biki ba ƙaramin abu ba ne. Ita bulowa ita ce fankar ciki, zagayayyen ƙarfe ne mai ƙananan fikafikai da yawa a jere, tana kan shaf, wato sandar ƙarfen da ta ratsa tsakiyarta, shaf ɗin na kan boris biyu, moto na juya ta da bel ta kan fuli, wato faifan da bel ke hawa. Ita ke jawo iska ta cikin koyil ɗin sanyi ta turo ta ƙasa, in ta gaza komai lafiyar kwamfiresa sanyin a sama zai tsaya.

Na tsakiya ne ya fara, wanda ke daidai saitin inda ake ajiye kujerar amarya da ango. Da farko ɗan kuka ne na bel in an kunna, daga baya ya koma ƙara kamar injin markaɗe har silin na rawa, iska ta ragu sosai, sannan in an kashe bayan taro sai ruwa ya dinga zubowa ya ɓata mana silin. Kuma duk wannan a tsakiyar bazara ne bayan ƙaramar sallah, lokacin da zafin Kano ke wuce digiri 40 kuma bukukuwan da aka ɗaga saboda azumi duk suka taho a jere. Mai gyaran da ke zuwa mana a da maganarsa ɗaya ce, gas ya yi ƙasa. Ya hau da silinda ya ƙara ya karɓi kuɗi ya tafi, a kwana biyu a koma gidan jiya.

Abin da ya fara burge ni da waɗannan shi ne injiniyan nasu bai ko sauke silindar gas daga mota ba. Ya tsaya ƙarƙashin kowace ƙofar iska ya ɗaga hannu, ya tambaye ni yaushe ruwan ke zubowa, ana cikin aiki ko bayan an kashe, na ce bayan an kashe, sai kawai ya gyaɗa kai ya ce mu hau. Da ya buɗe murfin gefe koyil ɗin sanyi ya yi fari fat da ƙanƙara tun daga ƙasa har kusan rabi. Ya ce mun "Manaja, wannan ba ƙarancin gas ba ne, iska ce ba ta wucewa. In iska ta yi kaɗan koyil sai ya yi sanyin da ya wuce ƙa'ida, raɓar da ke kansa ta daskare, ƙanƙarar ta ƙara toshe hanya, in kun kashe ta narke gaba ɗaya ta fi ƙarfin tiren ruwa ta zubo muku." Ya ƙara da cewa abin da ya fi ba shi tsoro shi ne gas ɗin da bai gama zama iska ba yana komawa kwamfiresa a ruwa-ruwa, kuma kwamfiresa ba a yi shi dan matsa ruwa ba, in aka ci gaba a haka shi ne zai tafi, kuɗinsa kuwa ya ninka na bulowa nesa ba kusa ba. Ƙa'idar da suke bi ita ce kowane tan yana son iska kusan CFM 400, wato kubik ƙafa 400 a minti, namu kenan CFM 4,000, kusan kubik mita 6,800 a awa, mu kuwa abin da ke saukowa ko takarda ba ya iya kaɗawa da kyau.

Sai ya kashe wutar injin ya kama shaf ɗin ya ce in zo in sa hannuna. Wallahi motsi yake sama da ƙasa ƙwas ƙwas a ɓangaren fuli, abin da ya kamata ya zauna daram. Ya kunce boris ɗin ya goge giris da tsumma ya nuna mun lambar jikinsa, UCP 205, sannan ya ɗauko ma'aunin kauri ya auna shaf ɗin a wajen da ba a taɓa ba, milimita 25.4, wato inci ɗaya cif. Injin ƙirar Amurka ne, ƙarafansa duk a inci suke, shi kuwa UCP 205 raminsa milimita 25 ne, wanda ya dace da shaf ɗin inci ɗaya shi ne UCP 205-16. Bambancin bai kai rabin milimita ba amma ba zai shiga ba. To wanda ya taɓa canja boris ɗin a baya da ya ga ya ƙi shiga sai ya sa giranda ya ci shaf ɗin da hannu har ya shiga, ga sawun nan rututu a jiki, gefe ɗaya ya fi ɗaya cinyewa. Tun daga ranar shaf ɗin ke juyawa a karkace. Gyaran gangar Auzinawa kenan, kuma kuɗi muka biya aka yi mana shi.

Sauran ɓarnar duk daga nan ta biyo. Ita fankar ƙurar hunturu ta cika cikin fikafikanta ta daskare da danshi ta zama laka mai tauri, da yake fikafikan a lanƙwashe suke suna ɗibar iska, in cikinsu ya cike sai su daina ɗiba, kuma lakar ba daidai take kwanciya ba, gefe ya fi gefe nauyi. Fikafikai biyu sun tsage daga gindi, ƙananan ƙarafan da kamfani ke maƙalawa dan daidaita nauyi saura guda ɗaya, bakin fankar ya goge jikin gidanta har ƙarfe na ƙyalli. Bel ya yi sulɓi yana sheƙi ga baƙin gari a ƙasa, ashe ma siririn ne aka sa, mai lamba A da faɗinsa milimita 13, a ramin fulin da aka yi dan B mai milimita 17, sai ya nutse can ƙasan rami yana zamewa. Filta kuwa babu, wani ya cire ya ɗaura ragar taga a wajen.

A nan muka ɗan yi ja-in-ja, ba da ni ba, da Alhaji mai wurin. Shi a ganinsa a kira mai walda ya ɗinke fikafikan, a wanke, a sa sabon boris, a wuce wajen. Injiniya ya ce "Alhaji ranka ya daɗe, in ka ce a yi walda zan sauko maka da ita ka kai, amma ba ni zan mayar ba. Abin da ke zagaye ɗari takwas da wani abu a minti, ɗigon walda ɗaya ya isa ya karkatar da nauyinsa, sabon boris ɗin ma ba zai ga damina ba." Ya ce gidan fankar lafiyarsa ƙalau ba sai an saya ba, amma fanka da shaf da boris biyu da bel da fuli tare za su tafi. Na ji daɗin wannan dan da ya so ya ce har gidan sai an canja ba mu da yadda za mu gane. Alhaji ya yi shiru ya ce a rubuto.

Daga nan ne haƙuri ya fara aiki. Bel an samu a Sabon Gari ba wahala. Boris mai ramin inci da fanka mai girman inci 15 a 15 kuwa sai Legas, kuma fanka ba girma kaɗai ake dubawa ba, sai ramin tsakiyarta ya dace da shaf, sai an san ta wane gefe take juyawa. Duk wannan na yarda, ba laifinsu ba ne kayan ba sa nan. Laifinsu shi ne baki. Ranar da muka tura kuɗin kaya aka ce mana jibi kaya na Kano, jibi ta zo aka ce mota ta lalace a hanya, daga nan waya ta koma a kira ba a ɗauka, sai can dare a turo saƙo "gobe insha Allah Manaja". Ashe ma fankar farko da aka samo ramin nata bai dace ba suka mayar, wanda abu ne mai kyau sukai, amma me zai hana a faɗa mun gaskiya in san yadda zan yi da masu biki? Da bakina na dinga ba iyayen amare haƙuri, muka yi hayar esi na tsaye muka jera gefen dandamali, wayoyi ko ta ina, masu ado suna ta mita wai mun ɓata musu hoto. Da an ce mun abin zai ɗau lokaci da tun farko na shirya, ba wai kullum in kwana da sa ran gobe ba.

Maganar moto ita ma ta ɗau lokaci amma a nan na ƙaru. Tsohon yana juyawa, sai dai yana wari kuma da suka gwada shi da mitar gwajin rufin waya ya nuna ya yi rauni, ya sha zafi. Zaɓi uku ne, a kai a sake naɗa shi, a sayi na Beljiyam, ko sabo. Wani ɗan uwan Alhaji har ya kawo wani na hannu mai kyan gani da araha, injiniya ya juya shi ya karanta farantin jikinsa ya ce a mayar. An rubuta 60Hz, wato saurin bugun wutar da aka yi shi dominta, zagaye 1,725 a minti, kuma ƙarfinsa daidai-wa-daida ne da namu ba rara. Wutarmu a Najeriya 50Hz ce, ƙasashe irin su Amurka da Saudiyya ne ke kan 60, moton da ke yin 1,725 a can in ya zo nan abin da zai yi bai wuce 1,440 ba kuma ƙarfinsa ma ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida. Ya ce ba wai ba ya aiki ba ne sam, ana iya gyara lissafin da fuli, amma wanda ba shi da rara zai dinga aiki a wuya ne kullum, a saman dekin, a rana. Sai aka sayi sabo mai kilowat 2.2, wato doki uku, layi uku, 50Hz. Shi kuma da yake ba ƙirar Amurka ba ne bakinsa milimita 28 ne, tsohon fulin ba zai hau ba, ramukan ƙafarsa ma ba su zo daidai da na mazaunin ba, dole aka nemo fuli mai ramin da ya dace aka kuma huda sabbin ramuka a farantin zama. Wannan duk sun faɗa mana kafin a saya, ba bayan an saya ba.

Ranar aikin sun ce ƙarfe bakwai na safe dan a guje wa rana, sai wajen sha ɗaya suka iso, dekin ya riga ya ɗau zafi ana jin sa ta cikin takalmi. Abin da injiniya ya fara yi shi ne ya kashe makunnin da ke jikin injin ya sa masa ƙaramin kwaɗo ya jefa mukullin a aljihu, sannan ya gwada wayoyin da mita duk da ya kashe, ya kuma ce a gaya wa mai janareta kar ya taɓa komai sai ya ji daga bakinsa. Wannan ya yi kyau. Abin da bai yi kyau ba shi ne yaransa. Silifas ne a ƙafarsu, ba safar hannu, ba igiyar ɗaure ƙugu, kuma da igiya suka jawo moto da fanka ta bayan gini, yaro ɗaya ya leƙa rabin jikinsa a waje yana ja, ni da ke kallo cikina ya ɗuri ruwa. Na yi magana injiniya ya ce sun saba. Sabo ba ya hana faɗuwa, kuma in wani abu ya faru a gininmu ne. Moton ma ya bugi bango ya ɓare mana fenti a hanya. Wanda zai kira su ya sa wannan cikin sharaɗi tun kafin a fara.

Cire tsohuwar fankar ya ba su wuya dan ta yi tsatsa ta kama shaf gam. Sun fesa man sassauta tsatsa sun jira, sun goge da sanfefa, ta ƙi, tunda dai shaf ɗin ma na zubarwa ne sai suka yanke shi gida biyu suka zaro. Ban ga an ɗau guduma ana dukan gidan fankar ba, abin da na saba gani kenan wajen wasu. Kafin su mayar da komai suka wanke koyil ɗin sanyi tunda wuri ya buɗe, ruwan da ya fito jajir, suka buɗe bututun ruwan tire da ya toshe da laka.

Wajen haɗawa ne na ga bambanci sosai, na tsaya a kansu duk da ranar. Sabon shaf ya shiga boris da hannu sumul ba duka. Fankar ya tsayar da ita a tsakiyar gidanta yana auna tazarar hagu da dama da ruli har suka zo ɗaya kafin ya ɗaure ƙananan sukurorin da alanki, kuma ya tabbatar sun sauka a kan wajen da aka shafe a jikin shaf ba kan zagayen ba, ya juya da hannu muka kasa kunne ba inda take gogawa. Sai ya ɗauko zare ya ja shi a fuskar fulin moto da na fanka, ya ce sai zaren ya taɓa wuri huɗu, gefe biyu na kowane fuli, in ya taɓa uku to akwai karkata kuma bel ne zai biya. Ya yi ta matsar da moton kaɗan kaɗan yana sake jan zaren har yaran suka fara gajiya. Bel kuma bai sa sukundireba ya ɓanƙara shi ya hau ba, sassauta moton yai ya sa shi a hankali sannan ya ja. Ɗaurinsa ma da lissafi, ya ce duk mita ɗaya na tazara tsakanin fuli da fuli bel ya lotsa kusan milimita 16 in an danna tsakiya, namu tazarar ba ta kai rabin mita ba dan haka lotsawar kusan milimita 6 zuwa 7 ce. In ya yi sako-sako ya zame ya yi kuka, in ya yi tsauri ya ci boris, kuma a cewarsa masu ɗaurewa tamau dan kar a kira su a ce bel na kuka su suka fi kashe boris a garin nan.

Da aka zo gwaji ya ɗan taɓa wuta ya sake, muka ga fankar ta juya baya, saɓanin kibiyar da ke jikin gidanta. Ya ce irin wannan fankar ko baya take juyawa tana turo iska, kaɗan dai, shi ya sa ake iya barin ta haka wata da watanni ana zagin injin. A moto mai layi uku waya biyu kawai ake musanyawa ta dawo daidai. Yaronsa ya nufi babbar wayar da ta shigo injin, ya daka masa tsawa ya ce a kan moton za a musanya, in ka juya ta babbar waya ka juya har da kwamfiresa, shi kuma irin namu in ya juya baya ƙara kawai zai yi ba ya matsa gas, ya yi zafi ya lalace. Bayan an gyara sai ya sa aka gwada a wutar gari aka kuma tada janareta aka gwada, dan ya tabbatar jerin layukan ɗaya ne a duka biyun. Ya ba da shawarar a sa ƙaramar na'urar da ke yanke injin in layi ɗaya ya ɗauke ko layuka suka juye, tunda moto mai layi uku in ya rasa ɗaya yana ci gaba da ja a kan biyu har ya ƙone. Mun sa, kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Sai awon wuta. Ya maƙala mita a wayar moto ya sa aka rufe murfin injin ruf kafin ya karanta, na ce me ya sa, ya ce in murfi na buɗe fankar na samun iska a banza ba tare da ta ja ta cikin filta da koyil ba, sai ta ɗebi da yawa moton ya ja wuta fiye da yadda zai ja a ainihin aiki, awon ya zama ƙarya. A rufe ya nuna yana jan wuta amp 4.3, farantin moto ya ce iyakarsa 4.9. Lissafin gudun ma ya yi mun a bayan kwalin bel, zagaye 1,450 na moto sau inci 4 na ƙaramin fuli a raba da inci 7 na babba, ya ba da kusan 830. Alhaji da ya hau ya ji iska sai ya ce tunda abu ya yi kyau a ƙara mata gudu mana ta fi haka. Injiniya ya yi dariya ya ce "Alhaji in na ƙara gudu kashi 10 cikin ɗari iska za ta ƙaru kashi 10, amma ƙarfin da moto zai ja sai ya ƙaru da kusan kashi 33, daga 4.3 ka ga mun tsallake 4.9, sabon moton naka zai bi tsohon." Alhaji ya ce a bar shi haka.

Sai a ƙarshe ya ɗauko gejin gas, bayan iska ta daidaita an sa sabbin filta injin ya yi aiki na ɗan lokaci. Gas ɗin ma yawa ya yi saboda ƙarin da aka dinga yi mana, ya rage ya mayar cikin silinda. Ya sa ma'aunin zafi a iskar da ke komawa ya nuna 27, a wadda ke saukowa 17, ya ce tazarar digiri 8 zuwa 11 ake nema. A ƙasa kuwa ƙarar ta ɗauke gaba ɗaya, sai shuuu na iska, labulen dandamali har motsi yake.

Kuɗi ba zan rubuta adadi ba dan kayan nan da dala suke tafiya, abin da na biya ba shi za ka biya ba. Amma ba su da araha, kuɗin aikin hannunsu ya kusa ninka abin da wasu biyu suka ce mana, kuma ba sa ragi sosai, Alhaji da ya iya ciniki ɗan abin da ya samu bai kai ya kawo ba. Ni ban ga tsadar ba in na tuna kuɗin gas ɗin da muka dinga zubarwa da na gyaran silin. Inda na ga gazawa shi ne rasit. Takarda suka ba ni an rubuta "gyaran esi da kaya" da jimilla, shi kenan. Na ce a'a, a rubuta mun lambar boris, lambar bel, girman fanka, bayanin moto, da awon da aka yi, dan gobe ko ba su ne suka zo ba wanda ya zo ya san me ke ciki kar a sake ɗauko giranda. Sai da na yi ta bi kafin aka kawo. Garanti ma da baki aka ce wata shida, da na ce a rubuta sai aka fara "ai Manaja mu da kai ba haka", na ce ni da kai ɗin ne ya sa nake so a rubuce. Sun rubuta, a kan aikin hannu da boris, moto kuma aka ce garantinsa na wajen mai shago.

Haka maganar dawowa. Shi da kansa ya ce sabon bel yana saki bayan ya yi aikin kwana ɗaya zuwa biyu, dole a dawo a sake ja, kuma yana cikin kuɗin da muka biya. Ba su dawo ba sai da bel ya fara ɗan kuka da safe na kira na sake kira, na ce masa Injiniya wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Ya turo babban yaronsa, aikin bai fi minti ashirin ba, ya ja bel ya sake duba sukurorin fanka ya tafi. Guntayen shaf da tsohon bel da robobin ruwan da suka sha kuwa a saman dekin suka bar mana, masu shara ne suka kwashe, da an yi ruwan sama a haka da sun toshe mana magudana.

Tun daga lokacin injin bai sake yin ƙanƙara ba, silin ya bushe mun yi fenti, mun wuce sauran zafin da damina lafiya. Giris ya ce kar a cika, ɗan kaɗan duk bayan wata uku, in ya yi yawa yana fasa robar boris ƙura ta samu hanya. Filta kuma a lokacin hunturu duk sati ake dubawa, daga Nuwamba har ƙura ta kwanta, na sa wa yaron da ke kula da janareta wannan a cikin aikinsa.

Wanda ke da irin wannan injin a kanti ko ɗakin taro ko asibiti kuma ya gaji da jin "gas ne", irin waɗannan zai nema, ya dai ba su aikin tun kafin ranar da yake buƙata da nisa, kar ya biya kuɗin hannu duka sai an dawo an ja bel, kuma ya ce a zo da takalma da igiya. Mai sifilit biyu a gida ba sai ya kira su ba, za su yi masa tsada a banza. Mu yanzu maganar da ake ciki ita ce su duba sauran biyun kafin bukukuwan Disamba, dan na gefen ƙofa shi ma wancan mai girandar ya taɓa canja masa boris. Sun kawo farashin kulawa na shekara, Alhaji ya ce ya yi yawa a raba biyu, injiniya ya ce zai yi shawara ya kira, yau ana neman sati ban ji shi ba.